Yadda ake haɗa allon tarbar shugaba da hannu, tun daga kwali har bakin titi

Duk ranar da aka ce babban baƙo zai sauka a Garwa da ke arewacin Kamaru, minista ne ko ɗan takara ko shi mai gayya mai aiki daga Yaunde, babban birnin ƙasar, hanyar da ta taso daga filin jirgi zuwa cikin gari takan cika tun da hantsi. Ga makaɗa, ga mata cikin anko, ga 'yan makaranta da ƙananan tutoci, ga mahayan fadar Lamiɗo dawakinsu sun sha ado. A sama kuma an ɗaɗɗaura manyan ƙyallaye bugun inji, masu kyau da tsada, sai dai in ka karanta ɗaya ka karanta dukansu: godiya, biyayya, goyon baya. A tsakaninsu ne za ka hangi wani kwali, rubutunsa ya ɗan karkace, an ɗaga shi a kan karan dawa. Shi ne idon mai ɗaukar hoto yakan tsaya a kai, domin kowa ya san ba ofis ne ya ba da kwangilarsa ba.

Na daɗe ina rubuta wa unguwarmu irin waɗannan alluna. Ba wata sana'a na koya ba, hannuna ne aka ce yana da kyau tun a makarantar allo, shi ke nan aikin ya maƙale mini. Abin da na fi tsinta a cikinsa ɗan lissafi ne. Motar da ke tafiyar kilomita 40 a awa tana cin mita 11 a kowace daƙiƙa. Ke nan daga lokacin da na cikinta zai iya hango allonka zuwa lokacin da ya wuce ka, daƙiƙa 3 ce in ka yi sa'a. Wunin da za ka yi a rana, da fentin da za ka saya, duk saboda wannan daƙiƙa 3 ne, kuma duk matakan da ke ƙasa daga nan suka fito.

Mataki na farko: ku san irin zuwan, ku kuma sanar da manya

Kafin a taɓa kwali, a bincika wane ne zai zo kuma da wace riga zai zo. Ziyarar aiki daban, jaje daban, yaƙin neman zaɓe daban. Lokacin da Shugaba Paul Biya ya zo Garwa a watan Satumba na 2012 bayan ambaliyar da ta ci gidaje da gonaki a bakin Binuwai, zuwan jaje ne, kuma allon da zai dace da irin wannan rana ba shi ne zai dace da gangami irin wanda ya yi a Marwa gabanin zaɓen 2018 ba. A ziyarar aiki kuna magana ne a matsayin mutanen unguwa. A gangamin jam'iyya kuwa, duk wanda ya tsaya a layi ana lissafa shi cikin 'yan jam'iyyar ko ya so ko ya ƙi. Ku tattauna wannan tun farko, don kada wani ya ga hotonsa a Facebook daga baya ya ce an yaudare shi.

Sannan ku je wajen jauro, wato mai unguwa. Kada ku aika yaro, ku je da kanku ku biyu ko uku, har da dattijo ɗaya. Ku ce, "Ranka ya daɗe, mun ji za a yi baƙo, muna son unguwarmu ta fito da allonta, ga abin da muke niyyar rubutawa." Shi ya san inda aka ware wa kowace unguwa, shi zai kai maganar wurin lawan, basaraken da ke sama da shi, ko wurin Sarkin Hausawa in ta nan kuke bi. Wani lokaci zai ce a sassauta wata kalma. Ku saurara ko da ba ku gamsu ba, domin ranar da wani abu ya taso shi za a fara kira.

Akwai kuma doka. Doka mai lamba 90/055 ta 19 ga Disamba 1990 ita ke tsara taruka da jerin gwano a Kamaru. Taro a wurin jama'a ana sanar da sufirefe, wato jami'in da gwamnati ta naɗa ya shugabanci gunduma, aƙalla kwana 3 cikakku kafin ranar. Jerin gwano ko maci a kan titi kuwa kwana 7 ne cikakku. A takardar ana sa sunayen masu shiryawa da inda suke zaune, da manufar fitowar, da wuri da rana da lokaci, da hanyar da za a bi in akwai. Ana ba ku takardar shaida, wadda muke kira resefise, kuma sufirefe na da ikon canza muku hanya ko ya hana in ya ga za a sami hargitsi. Fitowar al'ada ko ta addini, irin hawan Sallah, ba ta shiga wannan sharaɗi. To, idan hukuma ce ta shirya tarbar ta kuma gayyaci unguwanni, kun shiga taron da aka riga aka tsara. Amma in kuka taso daga unguwa mutum hamsin a jere da alluna sama kuna waƙa har bakin titi, wani zai iya cewa maci kuka yi. Wanda ya ga yadda gari ya yi zafi bayan zaɓen shugaban ƙasa na Oktoba 2025 ba ya bukatar dogon bayani. Ku tafi a tsanake, ku haɗu a can.

Mataki na biyu: maganar da za a rubuta

A nan ake ɓata lokaci, kuma ya cancanta. Ku zauna da daddare a tabarma, kowa ya faɗi damuwarsa. Za ku ji ruwa, za ku ji wuta, za ku ji kwata da ke cika da damina, da ajin da yara ke zama a ƙasa, da matasan da suka gama karatu suna zaune. Duk gaskiya ne. Amma allo ɗaya magana ɗaya yake ɗauka. Mai neman abu biyar a kwali guda ya yi wa kansa rubutu, domin babu wanda zai kai layi na biyu.

Yadda nake zaɓa shi ne in tambayi abu biyu. Shin baƙon nan yana da hannu a kan abin? Ministan lafiya ba ya gyara gada. Na biyu, shin abin yana da suna da wuri? "MUNA SHAN WAHALA" ba ta ce komai ba, kowa na shan wahala, sai a ɗaga maka hannu a wuce. Amma "RIJIYAR BURTSATSE ƊAYA" tare da sunan unguwa a ƙasa abu ne da wani magatakarda zai iya rubutawa a ɗan littafinsa. Manyan buƙatu irin gyaran hanyar Garwa zuwa Ngaundere, ko ta Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri, an san da su har a Yaunde, kuma masu jawabi za su ambace su a lasifika. Ku bar musu. Ku rubuta abin da in ba ku kuka faɗa ba babu mai faɗa.

Sunan unguwa wajibi ne. Yelwa ce ko Lofere ko Jambutu ko Rumde Ajiya, a sa shi a ƙasan allo da haruffa matsakaita. Hoto yakan yi tafiya ya bar mai shi a baya, kuma allon da ba shi da adireshi maraya ne.

Sai batun harshe, wanda mu Hausawan nan muka fi kowa saninsa. A gida Hausa muke yi, a kasuwa Fulatanci, a ofis Faransanci. Baƙon da ya zo daga kudu ba lallai ya ji biyun farko ba, kuma Faransanci da Turanci su ne harsunan gwamnati. Shawarata ita ce a raba aiki. Gaisuwa a yi ta da harshenmu: BARKA DA ZUWA, ko MARABA, ko JAƁƁAAMA ta Fulatanci. Ko bai ji ba ya san maraba ake yi masa, kuma ya san su wa suka fito. Buƙata kuwa a sa ta da Faransanci da manyan haruffa, a maimaita ta da Hausa a wani allo na gefe don 'yan unguwa da masu kallo a waya. Dattawanmu kan so a sa ajami. Ina sa musu layi ɗaya a sama don girmamawa, amma ba na yarda a rubuta aya ko sunan Allah a kwali, saboda na san inda kwalayen nan ke ƙarewa bayan an watse: ƙarƙashin ƙafafu da cikin kwata.

Kada kalmomi su wuce biyar ko shida. Kada a kama sunan wani jami'i a ce shi ya ci kuɗi, ko da duk unguwa ta yi imani da haka. Kada a yi habaici, domin habaici a bakin mawaƙi yake da daɗi, a kwali kuwa shaida ce da hannunka. Akwai kuma maganganun da ke cin zuciyar mutanen garin nan, irin ta kabarin Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa kuma shugaban ƙasa na farko, wanda ya rasu a Dakar a 1989 aka binne shi a can. Ba na ce ba a faɗinsu ba. Ina cewa ne irin wannan ba maganar da mutum ɗaya zai rubuta da daddare ya miƙa wa yaro ya riƙe ba ce. Wanda ya zaɓi ya ɗaga ta, ya ɗaga da hannunsa, ya kuma san abin da ya ɗauko.

In kun daidaita, a rubuta a takarda a kai wa malamin makaranta ya duba ƙa'idar rubutu. Ni na taɓa ƙin yin haka. Na rubuta BIENVENU, na manta harafin ƙarshe, alhali haka ake rubuta sunan mutum. Muka wuni mutane na wucewa suna tambaya, "Wai wane ne wannan Biyambenun da kuke jira?" Baffana har ya rasu bai daina tsokanata da shi ba.

Mataki na uku: kayan aiki

Kwali mafi kyau shi ne na firji ko na talabijin ko na babur, mai kauri, wanda bai taɓa jiƙewa ba. Masu shagunan kayan wuta a babbar kasuwa sukan bayar ko su sayar da arha, amma a je da wuri, don mako guda kafin zuwan baƙo kowa nema yake. Girman da na fi so mita 1 a faɗi, santimita 70 a tsayi. In ya fi haka iska za ta riƙa kokawa da mai riƙo. In ƙananan kwalaye kawai kuka samu, na taliya ko na sabulu, a buɗe su a manna biyu, amma a gicciya su yadda layukan cikin ɗaya za su tsaya, na ɗayan su kwanta. Haka ba ya lanƙwashewa.

Abin manni ba sai an saya ba. A dama sitacin rogo da ruwan sanyi, a zuba tafasasshen ruwa ana juyawa har ya yi kaurin koko, a bar shi ya huce. Da shi za a manna kwalayen, da shi za a lulluɓe fuskar allon da farar takarda. Bayan tsohuwar kalanda na yi. In babu takarda, a shafa farin fentin ruwa sau biyu, a bar shafin farko ya bushe tukuna. Farar ƙasa ma tana yi, sai dai tana bin hannu da riga. Bayan manni a kwantar da allon a daɓe a ɗora masa wani abu mai nauyi ya kwana, in ba haka ba zai bushe ya kumbura kamar faifan da ya sha ruwa.

Na rubutu kuwa, baƙin fentin mai ƙaramin gwangwani ya ishi alluna da yawa, amma yana son yini guda ko fiye kafin ya bushe, kuma sai da kananzir ake wanke buroshinsa. Fentin ruwa ya fi saurin bushewa. Tawadar almajirai ta gawayi da ƙaro tana da baƙi mai kyau, kuma da rani ba ta da laifi, amma yayyafi kaɗan ko zufar hannu sai ta zuba hawaye. Daga watan Yuni zuwa Satumba kada a yi gangancin amfani da ita. In babu buroshi, a yanka soso a ɗaure a bakin kara, ko a tauna bakin asuwaki har ya yi laushi. Na yi alluna da yawa da asuwaki.

Launi: baƙi a kan fari, ko baƙi a kan rawaya. Na san zuciya na son a zuba kore da ja da rawaya irin na tuta, amma ja a kan kore daga nesa cakuɗewa yake yi, ido ba ya raba su. In ana son launin tuta, a ja siririn layi a gefe ko a ƙasa, a bar tsakiya ga magana.

Mataki na huɗu: awo da rubutu

Kada ka tsoma buroshi sai ka ƙirga haruffa. Wanda ya fara da ƙarfin hali yakan rubuta ASIBI da manyan haruffa, sannan ya ga fili ya ƙare ya cusa TI a lungu kamar kayan da aka manta. Ga yadda ake yi. Ka bar santimita 5 a kowane gefe. A allo mai faɗin mita 1, saura santimita 90. Ka ƙirga haruffan layin, kowane fili tsakanin kalma da kalma ka lissafa shi harafi ɗaya, ka raba 90 da adadin. BIENVENUE haruffa 9 ce, kowanne ya sami santimita 10. MARABA 6 ce, kowanne 15. BARKA DA ZUWA haruffa 11 da fili 2, wato 13, kowanne bai kai santimita 7 ba, ya yi ƙanƙanta, don haka a raba ta layi biyu: BARKA a sama, DA ZUWA a ƙasa.

Tsayin harafi kuwa nisa ke yanke shi. Ƙa'idar masu rubutun alluna ita ce kowace mita 3 ta nisa a ba ta santimita 2 da rabi. Idan kana son a karanta ka cikin sauƙi daga mita 24, harafinka ya kai santimita 20. Shi ya sa na ce kalmomi kaɗan, domin allo mai tsayin santimita 70 layi biyu manya yake ɗauka da ƙarami ɗaya na sunan unguwa, shi ke nan. Kaurin jikin harafin kuma ya kai kamar kashi ɗaya cikin biyar na tsayinsa. Dogon harafi siriri ɓacewa yake yi a rana.

Don jan layi, a shafa wa zare alli ko garin gawayi, mutum biyu su ja shi a miƙe a kan allon, na uku ya ɗaga tsakiyarsa ya saki. Zai bar layi madaidaici, irin yadda magina ke yi. A ja na sama da na ƙasa ga kowane layin rubutu, a tsaga gidajen haruffa da fensir, a zana kowane harafi a gidansa. M da W suna son fili fiye da saura, I kuma kaɗan ya ishe shi, sai a ɗan yi musu rance a tsakaninsu. Manyan haruffa zalla, babu lanƙwasa, babu ado. Ƙugiyar Ɗ da Ƙ da Ɓ a fito da ita sosai, kada ta zama kamar ɗigon fenti.

Kafin a cika da fenti, a jingina allon a bango, ka yi taku talatin ka juyo. Ka kira yaron da bai san abin da aka rubuta ba, ka ce ya juya baya, in ka tafa ya waiwayo ya ƙirga uku ya sake juyawa. In ya faɗi abin da ya gani daidai, a ci gaba. In ya ce "Kawu, ban gama ba," a rage kalma. Wannan gwaji ya fi duk shawarar da za a ba ka a majalisa.

Wajen cikawa a kwantar da allon a ƙasa don kada fenti ya zubo. A fara da gefunan harafi sannan ciki, daga sama zuwa ƙasa, mai rubutu da dama ya faro daga hagu don kada hannunsa ya share abin da ya yi. A shanya a inuwa, a inda awaki da kaji ba sa kaiwa. Da hunturu a rufe ƙofa, ƙurar da ke sauka a kan ɗanyen fenti ba ta fita. Sannan a rubuta bayan allon ma, ko da sunan unguwa ne kawai, domin rabin masu ɗaukar hoto a bayanku suke.

Mataki na biyar: mariƙi

A nan mutane ke rasa allonsu tun kafin baƙo ya iso. Jami'an tsaro ba sa son ganin ƙarfe, ko gora mai kauri, ko katako mai ƙusa a kusa da hanyar shugaba, kuma ba za ka ga laifinsu ba. Wata shekara na kafa wa allo uku ƙusoshi a jikin katako mai kyau, wani jami'i ya dube su ya ce ko in cire katakon ko in koma da su gida. Da hannu muka yage su, kwalin ya tsage. Tun daga ranar karan dawa nake amfani da shi, busasshe mai kauri, biyu a haɗe. Ba shi da nauyi, kuma ba wanda zai kira shi makami. A huda ramuka biyu biyu a wuri uku a tsakiyar allon, a zura igiya ko robar tsohon tif na babur a ɗaure karan ta baya. Karan ya kai har saman allon, in ya tsaya a tsakiya saman zai riƙa rusunawa. Mafi sauƙi ma a yanka ramukan hannu biyu a gefe, a riƙe ba kara.

Idan ƙyalle kuke so, a sayi akoko ko farin yadi mita 3, a kai wa tela ya naɗe gefe biyu ya yi musu aljihun da kara zai shiga. A shimfiɗa leda ko jarida a ƙarƙashi kafin a yi fenti don yana ratsawa. Wasu na tsaga ƙananan ramuka don iska ta wuce. Yana ɗan taimakawa, amma abin da ya fi shi ne masu riƙo biyu masu tsayi ɗaya waɗanda za su ja shi ya miƙe, ba masu hira da juna har tsakiya ta zube ba.

Mataki na shida: wurin tsayawa

Kwana ɗaya kafin ranar, ka je ka ga wurin da idonka a daidai lokacin da ake sa ran wucewa. Ka nemi inda dole ayari ya rage gudu: shataletale, kwana, ƙofar fada, mashigar dandalin taro. A miƙaƙƙen titi jiniya kawai za ku ji. A Kamaru ta hannun dama ake tuƙi, kuma babban baƙo yawanci a kujerar baya ta dama yake zama, don haka gefen titi na daman ayarin ya fi. Ka duba rana kuma. In tana bayanku, mai kallo inuwa kawai zai gani, allon ya yi duhu. A so ta haska fuskar rubutun. Kada ku tsaya bayan makaɗa ko kusa da dawaki. In an riga an ware muku wuri, ku karɓa, ku nemi gabansa.

Mataki na bakwai: ranar kanta

An ce ƙarfe 10, ku sa rai da azahar. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40, kuma kwalta tana mayar da shi ta ƙasa. Kowa ya karya kumallo, ya zo da ruwa da hula ko mayafi, da katin shaidarsa a aljihu. Ƙananan yara da tsofaffi marasa ƙarfi a bar su a inuwa sai an ji jiniya. Ban son ganin an jera yara tun safe a rana da alluna a hannu, ko wane ne zai zo. Kuma allon buƙata babba ya kamata ya riƙe, wanda in an tambaye shi zai iya bayani da bakinsa. Allon ruwa a hannun uwar da ke tashi da asuba neman ruwa ya fi nauyi fiye da a hannun saurayi mai tabarau. In za ta yarda, a roƙe ta da ladabi: "Inna, ke ya kamata ki riƙe wannan, mu muna bayanki."

Kada a ɓoye alluna a buhu sai ayari ya zo a zaro su. Wannan shi ke tsorata masu tsaro. A riƙe su a fili tun isowa, in an ce a nuna a nuna. In aka ce a sauke wani, a sauke, kada a yi musu a bakin titi. A ɗauki hotonsa a gida, maganar ba ta mutu ba.

Lokacin jira a jingina su a ƙasa, hannu ya huta. In babura na gaba sun bayyana, a ɗaga. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne rawa da allo, ana kaɗa shi sama da ƙasa saboda murna. Rubutun da ke motsi ba ya karantuwa. Masu guɗa su yi guɗa, masu tafi su yi tafi, mai allo ya tsaya kamar an dasa shi, ya ɗan karkata fuskar allon zuwa inda motoci ke fitowa, ya bi su da shi a hankali. Kada a sauke da wucewar motar farko. Masu rubuta abin da aka gani da 'yan jarida galibi a motocin baya suke. Kada kuma kowa ya taka kwalta, ko don miƙa takarda.

A ware mutum ɗaya da waya mai caji, aikinsa hoto kawai. Ya ɗauka tun kafin ayari ya zo, daga gaba, rubutu ya fito sarai. Kafin a sa a intanet a tambayi waɗanda fuskarsu ta fito, musamman matan aure.

Bayan an watse

Allo jan hankali yake yi, ba ya shiga fayil. Don haka tun kafin ranar a rubuta buƙatar nan a takarda shafi ɗaya da Faransanci, da sunan unguwa da kwanan wata da sa hannun dattawa, a ba jauro ya bi da ita ta hanyar da ake bi, ko a kai ofishin sufirefe ko na magajin gari a nemi a buga hatimin karɓa a kan kwafinku. A haɗa da hoton allon in an samu bugawa. Bayan mako uku ko huɗu a koma a tambaya, a sake komawa.

Ku kwashe allunanku, kada ku bar su a titi. Na ƙyalle a wanke ƙurarsa a naɗe. Na kwali kuma in an ɓare takardar fuskarsa an manna sabuwa zai sake aiki, ko ranar bikin ƙasa ta 20 ga Mayu ko ranar matasa ta 11 ga Fabrairu, lokacin da 'yan makaranta ke zuwa aro. Namu na BARKA DA ZUWA ya tarbi baƙi huɗu, 'yan jam'iyyu daban daban, ba a canza masa ko harafi ba. Yana zaure yanzu, na ɗora shi a kan bulo biyu saboda gara.